Tafinta da Igiya a Ƙugu

Bature yana da kalmomi da yawa na cewa mutum ya faɗi magana a fili, kuma ni ba a makaranta na koye su ba, don ban taɓa leƙa ƙofarta ba. Na fara da ɗaukar kaya, na koma masinja a Sakkwato, wani akawu mutumin bakin teku ya riƙa watsa mini Turanci kaɗan-kaɗan ina tsinta, har aka wayi gari ni ne tafintan wani Bature da ke fita rangadi ƙasar Illela. Lokacin ba a daɗe da tara duwatsun iyaka ba. Mutum ya kwana gonarsa guda, ya tashi an ce rabinta ta Ingila ce, rabi ta Faransa, gero kuwa bai san an yi ba.

Baturen nan nawa dogo ne, mai jan kunne, kullum da lofe a baki. Da lofen nan na gane ma'anar kalmominsa, tun kafin in gane su da kai. In ya ce wa hakimi ya yi magana kiliya, lofe na bakinsa, yana ma murmushi. Nufinsa bai fahimta ba ne kawai, a sake faɗi yadda zai shiga kunne. In ya ce filen, ya cire lofen ke nan. Nufinsa a zubar da gaisuwa da kirari da labarin kakanni, a ba shi tsurar magana. In ya ce difinit, yana ƙwanƙwasa lofen a dugadugin takalmi, yana son maganar da ba za ta sake ba gobe, wadda ba a rataya mata “in Allah ya yarda” a wuya ba. Wani mai gari a Gidan Katta da na fassara masa wannan ya dube ni ya ce, “Hwaɗa mai abin da ba shi sakewa mutuwa ta ɗai, in ita shika so sai shi jira.” Na juya na ce wa Bature mai gari ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ta ƙarshe ita ce esfilisit. In ya kai nan lofe ya koma aljihu, kunnuwa sun yi jawur. Nufinsa mutum ya faɗi abin da bakinsa, ya kira kowa da sunansa, kada ya bar ko ƙwaya guda da za a ce “ai an gane”. Ni a raina magana tsirara nake kiranta. Bayan ita babu wata kalma, sai ya ɗauki hula ya hau doki.

Mu ma muna da namu: a fili, dalla-dalla, kai tsaye, ɓaro-ɓaro. Bambancin shi ne a wurinsu duk matakin da ka hau mutunci kake ƙarawa, a wurinmu kuwa zubar da shi kake yi. Wanda ke faɗin komai ɓaro-ɓaro a ƙasarmu ko yaro ne, ko maroƙi, ko wanda ake ɗaure wa ƙafa da mari. Saboda haka aikina shi ne in sa wa maganar Bature riga kafin ta isa gaban hakimi, in tuɓe wa maganar hakimi rawani kafin ta isa gaban Bature. Rabin zaman lafiyar ƙasar nan a bakina aka ƙulla shi, kuma har yau ba wanda ya aiko mini da goro.

Sai in kawo maganar mahaifiyata. Tana zaune a Araba, tana dama fura, kuma kaf garin babu mai bakinta. Ta taɓa gaya wa liman a gaban jama'a cewa karatunsa ya fi saurin gudun jaki in ya hango gida. Ƙannena kuwa in ta ƙwala musu kira, har Amarawa sai an waiga. Amma ni ɗan fari ne. Kowa ya san yadda abin yake: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa ɗanta ne, ba ta dubansa ido da ido. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar mahaifina, a wani ƙauye arewa da Illela, can na girma. Kakata nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. In na je gaishe ta sai ta juya ta fuskanci danga, ta ce wa ƙanwata, “A tambayi wancan ko ya ci abinci.” Na yi gemu, na yi mata, na yi riga mai aska, ina nan dai wancan. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari, kuma furar wancan kullum ta fi ta kowa nono.

Da aka ja iyaka, ƙauyen kakata ya faɗa ɓangaren Faransa. Kakata ta riga ta rasu, mahaifina ma haka, amma dangi suna nan. Wata ranar da Baturena ya ba ni hutu, aka yi suna a gidan ɗan baffana, na ɗauko babbar rigata na tafi, ina taƙama ina baza hannun riga. Ashe a makon ne kumandan, Baturen Faransa mai mulkin Ƙonni, ya aiko wa mai garin cewa ya ba da maza don aikin dole, masu ɗaukar kaya zuwa arewa cikin rairayi. Waɗanda aka ɗiba bara, da yawa ba a sake jin duriyarsu ba. Mai gari ya dubi 'ya'yansa, ya dubi 'ya'yan maƙwabtansa, sannan ya hango ni ina tsakiyar tabarma da ƙashin rago a hannu. Ya ce wa sojojin, “Ga ɗan garin ga, nan yat tashi, ku dubi wuyanai.” Kafin in haɗiye abin da ke bakina an zarga mini igiya a ƙugu.

Na yi musu Hausa, suka ce in rufe baki. Na yi musu Turanci, suka yi dariya har da riƙe ciki. Aka haɗa ni da sauran a igiya guda aka kora mu Ƙonni. In faɗi gaskiya, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Matata tana da tsohon ciki a Illela, ni kuwa ko tulun ruwa na manta yadda ake ɗauka.

Wani mai jakai ya kai wa Baturena labari. Ba zan yi masa ƙarya in ce ƙauna ce ta tashe shi ba. Daga nan har Sakkwato babu wani mai jin Turanci, kuma in babu ni ko ƙwai ba ya iya saye. Ya aika wa kumandan, suka shirya haɗuwa da hantsi a gindin wani gawo kusa da tulin duwatsun iyaka. Ranar kasuwar Illela ce, don haka duk mai ƙafa ya zo kallo.

Turawan biyu suka zauna a kujeru, suka yi ta gwalangwaso da Faransancin Baturena, wanda ko ni na ji yana ɗingishi. Mai garin can ya rantse cewa a gabansa na girma, kuma bai yi ƙarya ba. Dattawan Araba suka rantse cewa a garinsu aka binne cibiyata, su ma ba su yi ƙarya ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kumandan ya ce a kawo matar da aka ce ta haife ni. In ta faɗa da bakinta cewa ɗanta ne, a ƙasar Ingila ta haife shi, a kwance shi. In ba ta faɗa ba, gobe ya bi ayari. Baturena ya yi dariya ya ce wannan ai ita ce shari'a mafi sauƙi da ya taɓa gani. Ni kuwa da na ji, sai na dafe kai. Dattawan Araba ma duk suka sunkuyar da kai.

Aka kawo ta bisa jaki, ƙanwata na biye. Ta sauka, ta ja mayafi har goshi, ta tsuguna ta ba ni baya. To, wa zai fassara? Babu wani sai ni. Aka jawo ni tsakiyar fili da igiyata, soja na riƙe da bakinta, na tsaya tsakanin Bature da uwata ina tafinta a shari'ar kaina. Sa wa magana riga kuwa babu hali, don kumandan ya zo da nasa tafintan, wani Bahaushen Ƙonni mai jar hula. Na san shi, mun sha cin tuwo tare. Shi ma uwa ce ta haife shi, ya san abin da ke faruwa sarai, amma a ranar ya sa fuskar aiki, duk abin da ya fito sai ya juya shi Faransanci ko gishiri bai ƙara ba.

Baturena ya gyara lofe, ya ce a tambaye ta kiliya, ta san mutumin nan?

Na ce, “Yaya, Bature na tambaya ko kin san ni.”

Mai jar hula ya sunkuya ya raɗa wa kumandan cewa fursuna ya kira ta yayarsa. Kumandan ya ɗaga gira.

Ta ce wa ƙasa, “Ina ganin shi.”

“Ta ce tana ganina, ranka ya daɗe,” na ce da Turanci. Bature ya ce shi ma yana ganina, kowa a wurin yana ganina. Ya cire lofe. Ya ce filen yake so: mene ne tsakaninta da ni?

Na ce, “Yaya, ya ce ki aje kwana-kwana. Mi at tsakaninmu?”

Ta ce, “Ɗan tsohuwa na.”

Mata da ke gefe suka gyaɗa kai, don amsa ce ta mace mai tarbiyya. Mai garin can kuwa har da tafawa, ya ce, “Kun ji! Tsohuwa ko garinmu taz zamna, can tam mutu.” Na fassara wa Bature da muryar da ban gane tawa ce ba. Na so in ƙara bayani, kumandan ya ɗaga hannu ya ce fursuna ya fassara kawai, kada ya yi wa kansa lauya.

Lofe ya fara bugun takalmi. Bature ya ce yana son amsa difinit: ita ta haife ni ko ba ita ba?

Na ce, “Yaya, don Allah. Wagga ba ta son ko-ko. I ko a'a.”

Ta ja mayafi ya rufe hanci. Ta ce, “Haka mutane ka hwaɗi.”

Wallahi a lokacin na ji haushinta, haushi mai tsanani. Matar da ta kunyata liman, matar da mahauta ke ɓoye ruɓaɓɓen nama in sun hango ta, yau ga ta tana magana da tururuwa, ni kuwa ana shirin kora ni inda ko tururuwar babu. Amma ina jin haushin ina kuma ganin bayan wuyanta yana rawa. Duk Araba na tsaye a kanta, da surukanta, da matan da take zuwa rijiya da su. Abin da ake so ta yi, a wurinta daidai yake da a ce ta tuɓe zane a kasuwa.

Baturena ya sa lofe a aljihu. Kunnuwansa suka yi jawur, don ya fara zaton ko ni ne na yi masa ƙarya ya zo ya kunyata a gaban Bafaranshe. Ya faɗi kalmar da nake tsoro, a hankali, yana kallona. Esfilisit. Ta faɗa da bakinta cewa ɗanta ne, ta faɗi inda ta haife shi, ta kira sunansa. Ya ɗauki hularsa ya ɗora a gwiwa.

Na durƙusa iya inda igiya ta bar ni. Na ce, “Yaya, kalmomin mutanen ga hawa-hawa na, ni kau na san su. Wagga ita at ta ƙarshe. Bayan ta babu wata, doki za shi hawa. So shikai ki hwaɗi komi da bakinki, har suna.”

Ba ta motsa ba. Ƙanwata ta fara kuka, ta ce, “Inna, ki hwaɗi mana!” Ta ce mata, “Ke, rufa min baki.” Shi ke nan abin da ta faɗa.

Kumandan ya duba agogo, ya miƙe, ya yi wa sojansa alama. Bature ma ya miƙe ya sa hula, bai dube ni ba. Sojan nan, wani ƙato da ba ya jin Hausa sosai, ya fizgi igiya da ƙarfi kamar mai jan akuya mai taurin kai. Ina durƙushe ne, don haka na tafi da baya na faɗi, kaina ya bugi ɗaya daga cikin duwatsun iyakar. Ban san ko na Ingila ne ko na Faransa ba, amma ya fasa mini ƙeya. Sojan ya ci gaba da ja, babbar rigata tana sharar ƙasa.

Ban ga lokacin da ta tashi ba. Na dai ga mayafi a ƙasa, na ga hannunta a kan igiyar, tsakanina da sojan. Ba Bature ta kalla ba, ba kumandan ba. Sojan ta kalla, da muryar nan da ake ji har Amarawa.

“Kai, ɗan banza, sake shi! Wa kaka ja haka? Ɗana na! Ni nih haihe shi, Araba, ɗakin uwata, cikin damana, ina jin ruwa na zuba. Ɗana na na hwari!”

Sannan ta kira sunana. Ba guntun da kowa ke kirana da shi ba. Cikakkensa ta faɗa, yadda liman ya raɗa shi ranar suna, kowane harafi a wurinsa. Ta ɗan yi tuntuɓe a tsakiyarsa, irin na bakin da bai saba ba.

Wata tsohuwa ta ce, “La'ilaha illallahu,” mata suka rufe baki da gefen zane. Baturena ya juyo gare ni, yana jiran fassara, don aikina ke nan. Na buɗe baki. Na san kowace kalma da Turanci, kalmomi ne da ko mai koyo ya sani. Babu wadda ta fito. Ina zaune a ƙasa, jini na bin wuyana, gemuna duk hawaye, ina kuka a gaban kasuwar Illela kamar an yaye ni a ranar.

Mai jar hula ne ya fassara. Ya cire fuskar aikin, ya faɗa da Faransanci a hankali, ya maimaita sunan yadda ta faɗe shi. Kumandan ya ɗaga kafaɗa ya ce a kwance. Ita kuwa ba ta jira an kwance ba. Ta ɗauki mayafinta ta kakkaɓe, ta rufe fuska ruf, ta hau jaki ta nufi Araba, ko waiwaye babu.

A hanyar komawa bariki Baturena yana cike da murna, ya kunna lofe. Ya ce daga ƙarshe dai tsohuwar ta yi esfilisit, amma me ya sa ta ja lokaci haka, ko ba ta damu da ni ba ne? Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Ban ga ta inda zan fara ba, kuma ƙeyata na ciwo.

Ita ta biya kuɗin abin, ba ni ba. An daɗe ana yi da ita a bakin rijiya. In yaro ya yi rashin kunya sai a ce ko jikan wadda ta kira suna a kasuwa ne. Kakar shekarar ta wuce ba ta je bikin kowa ba, ita da ba a fara guɗa sai ta iso. Matata ta sauka lafiya, namiji, ɗana na fari, na kuwa tsinci kaina ina ce masa wancan ba tare da kowa ya koya mini ba.

Da ƙeyata ta warke na shirya na tafi Araba, da goro da turmin zane. A hanya na yi ta tsara abin da zan ce mata, har ina tunanin ko yau za ta dube ni. Na yi sallama na tsuguna a bakin ɗaki. Tana jin muryata ta juya ta fuskanci danga. Ta ce wa ƙanwata, “A hwaɗa ma wancan shi bar yawon cin naman suna. A kuma tambaye shi ko ya ci abinci.”

Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Ƙanwata ta kawo mini fura a ranar, na sha, nono ya yi mata yawa har cokali na tsayawa.